Wurin da Ba a Tambaya

Alhaji Sabiru ne ya kashe ɗansa Harisu. Bai ɗauki wuƙa ba, bai ɗauki sanda ba, amma shi ya kashe shi, kuma duk mutanen ƙauyensu da ke gefen Mai'adua sun san haka.

Sabiru manomi ne mai gonaki da yawa, yana kuma sayen awaki da tumaki a kasuwa. Ba ya rasa sahun farko a masallaci. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ɗan ƙodago ya ce ya gaji. Wata damina da ciyawa ta rufe masa gero, wani abokin cinikinsa daga tsallaken iyaka ya kawo masa ƙwayoyi a leda, ya ce in mutum ya haɗiyi ɗaya zai wuni a duƙe bai san rana ta take ba. Sabiru ya fara narka su a cikin kunun da ake kaiwa gona. Matarsa Haulatu ce ke dama kunun, shi kuma ya karɓa a zaure ya zuba abin da zai zuba. Sau ɗaya ta gan shi, ya ce mata maganin ƙarfi ne.

'Yan ƙodago suka riƙa yabon kunun gidan Alhaji. Harisu, ɗansa na fari, yana noma tare da su, yana sha a ƙwarya ɗaya da su, uban yana kallo. A shekarar babu wanda ya riga Sabiru gama noma. Da rani ya zo, waɗanda suka saba da kunun suka riƙa sallama a ƙofar gida, shi kuma ya fara sayar musu. Kayan yana ɓoye su a cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero.

Kafin Harisu ya cika shekara ashirin, ƙwaya ɗaya ba ta isarsa. Ya haɗa da ruwan maganin tari, ya haɗa da giyar da yake zuwa Daura ya sha a ɓoye. Ya rame, idanunsa suka yi ja, in yana magana sai ka ce bakinsa cike yake da tuwo. Wata Juma'a ana fitowa daga masallaci ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa, a gaban kowa. Daga nan ba sauran ɓoyo.

Hamma, yayan Haulatu, direban mota ne tsakanin Daura da Katsina. Da labari ya kai masa sai ya zo. Ya tarar da Harisu kwance a inuwar darbejiya, ya ɗan dawo hayyacinsa.

"Kawu, ka kai ni wurin likita," in ji Harisu. "Wallahi ni ma na gaji."

Bayan la'asar suka zauna a zaure, Sabiru da Hamma. Aka kira Haulatu, ta zauna daga bakin ƙofar ciki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Hamma ya ce, "Alhaji, akwai sashe a asibiti a Katsina don irin wannan. Na taɓa kai ɗan maƙwabcina. Suna kwantar da yaro, su riƙa ba shi magani har abin ya sake shi a hankali, don cirewa lokaci ɗaya na iya kashe mutum. Yanzu yaron ɗinki yake yi a Daura. Gobe da safe in ɗauke shi a motata."

"Magani kawai suke ba su?"

"Da zama. Likita yakan zauna da yaro ya tambaye shi tun daga tushe. Yaushe ka fara, a ina kake samu, wa ya fara ba ka. Har iyaye ana kira a zauna da su."

Sabiru ya daina jan carbi.

"Asibitin mahaukata ke nan," ya ce. "Ka je ka kai ɗana a rubuta masa hauka, gobe wa zai ba shi mata?"

"Yanzu ma wa ke ba shi? Jiya a kwata ya kwana, Alhaji."

"Akwai wani malami can bayan Mashi, yana da gidan mari. Rubutu da karatu da horo. Ka miƙa yaro ka juyo, babu mai tsare ka da tambaya."

"Babu kuma likita. Ƙarfe za su sa masa a ƙafa kamar jakin da ya saba ɓarna. Ka taɓa ganin ƙarfe ya warkar da ciwo?"

"Kai ka taɓa haihuwar ɗa namiji da za ka koya mini riƙonsa?"

Hamma ya juya wajen ƙanwarsa.

"Haulatu, ke fa? Ɗanki ne. Faɗi inda kike so a kai shi."

Haulatu ta san dalilin da ya sa mijinta ke gudun tambaya. Ta san wurin da take so a kai yaron. Amma Harisu ɗan fari ne. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa ko kare shi a gaban mutane ba. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Kakar yaron da ya kamata ta yi magana a madadinta ta rasu tuni.

"Yaya, ni me zan ce a kan yaron nan?" ta ce. "Ku ne manya."

Kunya ado ce, ba mai musun wannan. Amma babu inda aka ce uwa ta yi kunya ana jan ɗanta zuwa kabari. Da ta buɗe baki a ranar, da Hamma ya samu abin dogara. Ba ta buɗe ba.

Hamma ya tafi a kan zai dawo su ƙara magana. Sabiru bai jira shi ba. Ya ce wa Harisu ya zo ya raka shi duba shanu a Mashi, ya ɗora shi a bayan babur. Shi kaɗai ya dawo. Ga mutanen gari ya ce ya tura yaron Damagaram wurin wani aminin kasuwanci, ya canza iska.

Da Hamma ya zo ya nemi a faɗa masa sunan ƙauyen, Sabiru ya ce, "Ɗanka ne ko nawa?" Hamma ya yi ta tambayar direbobin layin Mashi. Irin waɗannan gidaje ba su da allo a ƙofa, kuma babu wanda ya yarda ya ce ya san wani.

Haulatu takan soya ƙuli-ƙuli ta daka yaji, ta ƙulle a leda ta miƙa wa mijinta ta ce, "A kai wa mutanen can." Sai ya karɓa ya raba wa masu yi masa aiki.

Sau ɗaya Sabiru ya je gidan marin. Malamin ya tarbe shi da fara'a, ya ce aljanin ƙwaya ya fara fita, don yaron yana faɗuwa yana shure-shure kusan kullum. Aka fito da Harisu daga wani ɗaki marar taga, yana jan ƙafa, ƙarfe ya haɗa idon sawunsa da na wani. Ƙuda na bin sa. Ya durƙusa a gaban ubansa.

"Baba," ya ce a hankali, don kada wanda aka haɗa su ya ji. "Na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ko likita ya tambaye ni, zan ce abokai ne. Ka fitar da ni."

Sabiru ya dubi malamin ya ce, "A ci gaba da yi masa addu'a." Ya hau babur ya dawo. Ya ce wa Haulatu yaron ya yi ƙiba.

Ana cikin yankan gero wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Harisu ne a baya, an lulluɓe shi da tabarma. Waɗanda suka kawo shi suka ce zazzaɓi ne, suka juya tun kafin a ba su ruwa.

Sabiru ya so ya yi wankan gawar shi kaɗai da liman. Hamma ya ture shi ya shiga. Da aka yaye tabarmar, liman ya kau da kai. Ƙarfe ya ci naman ƙafafun har ƙashi ya fito. Bayansa duk shatar bulala ce, wata ta warke wata ba ta warke ba. Ba wanda ya ƙara ambatar Damagaram.

Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna makoki a ƙofar gida. Sabiru yana tsakiya yana amsa gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare. Sai ga Haulatu ta fito ta zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a gaban maza.

"Harisu," ta ce.

Tsofaffi suka sunkuyar da kai.

"Sunansa Harisu. Ɗana ne, ni na haife shi. An tambaye ni inda za a kai shi na yi shiru. To yau ba wanda ya tambaye ni, amma zan faɗa. Ubansa ne ya fara ba shi, a cikin kunun da na dama da hannuna. Wanda duk ɗansa ya yi noma a gonar gidan nan, ya je ya dubi idon ɗansa. Sauran kayan suna cikin rumbu."

"Ta zautu," in ji Sabiru. "Hamma, shigar da ƙanwarka ciki."

Hamma bai motsa ba. Wani dattijo wanda ɗansa ke yawo a kasuwa ba riga ya tashi ya nufi rumbun, wasu suka bi shi.

Washegari Haulatu ta shiga motar yayanta zuwa Daura, ta maimaita maganar a ofishin masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Daga nan ta wuce gidansu a Sandamu, ba ta koma ba. Yanzu tana kiran sunan sau da yawa, har a cikin barci, babu mai amsawa. Malamin gidan mari ya kwashe yaransa ya sauya ƙauye kafin a isa wurinsa. Yaran da suka sha kunun suna nan a tasha da bakin kasuwa, ba wanda aka kai asibiti.

A kotu aka yi wa Sabiru tambayoyin da ya guda, ɗaya bayan ɗaya, a gaban jama'a. Alƙali ya ɗaure shi shekara bakwai.