Tuluna Uku a Gindin Lemo

Tun da shebur ya taɓa bakin tulun farko na san akwai abin da zai lalace. Ƙasar wurin tana tashin tsami, kuma giyar da ta kwana lafiya ba a jin ta daga waje.

Saura kwana tara bikin 'yata Danfeng. A nan garinmu Shaoxing, wanda aka haifa wa 'ya mace yakan binne giyar shinkafa, ba a buɗe ta sai ranar aurenta a gaban surukai. Ni tulu uku na binne a gindin lemon bayan gida, shekara ashirin da bakwai ke nan. Uban angon, Mista Yu, yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cike da tsofaffin tulunan giya, kowanne da shekararsa a jiki. Da aka sa rana, ya riƙe hannuna ya ce ba abin da yake ɗoki kamar giyata. Tun daga nan abinci ya daina yi mini daɗi.

Dalilin ban taɓa faɗa wa kowa ba. Giyar ajiya da zafinta ake zuba ta a tulu, a rufe nan take da ganyen bado, a ɗaure, a liƙe da yumɓu. Marigayi babana ya rufe biyu, bayansa ya riƙe, ya bar mini na uku. Baƙin bikin cikar jaririyar wata ɗaya suna ta shigowa, na je na tarbe su, kafin in dawo giyar ta huce. Ban sake ɗora ta a wuta ba. Na liƙe abina na jera shi da sauran, ban sa masa alama ba.

Da safen nan na kira abokaina da muke ɗanɗanon giya duk ranar Laraba: Yaya Lou, wanda ya yi shekara arba'in yana dafa giya, da Malam Pan, tsohon malamin firamare. Muka ciro tulunan muka jera a tsakar gida, na gaya musu komai.

"Shekara ashirin da bakwai kana shan giyata, kana ce mini ta yi yarinta," in ji Yaya Lou. "Ashe kai ko rufe tulu ba ka iya ba."

Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa, ya jijjiga, ya kara kunne. Ya nuna mai warin. "Wannan ya mutu. Sauran ban sani ba."

Matata ta leƙo daga kicin. "Baban Danfeng, ba a buɗewa kafin biki."

"Mataccen zan buɗe."

"To, kar ka ce ban faɗa ba."

Na fasa yumɓun. Yaya Lou ya ɗebo kaɗan a finjali, ya duba launin a rana, ya shinshina, ya miƙa wa Malam Pan. Malam ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki kamar yadda yake yi wa giyar kirki.

"Uwar gida," ya ce, "in akwai kaguwa a dafa, mu ci da wannan. Ruwan tsami irin wannan ba a samunsa a kasuwa."

Ni ma na yi dariya, don raina ya ɗan kwanta. Na ce to shi ke nan, nawa ne ya lalace, na Baba biyu suna nan.

Yaya Lou bai yi dariya ba. Ya juya murfin da na fasa, ya nuna mini wata siririyar jijiyar lemo da ta ratsa yumɓun har cikin ganyen.

"Iska ce ta kashe wannan. Ko wa ya rufe shi, haka zai yi. Yana iya zama naka, yana iya zama na tsohon."

"Ɗaurin fa? Baba sau biyu yake ƙullawa."

"Igiyar ta ruɓe, ƙanena."

Ya ce yana da tulu mai shekara talatin, in na so ya kawo a shafa masa ƙasa a jera. Malam Pan ya ce Mista Yu zai gane giyar da aka dafa da ruwan wata unguwa tun daga kurɓar farko. Na ce to a buɗe sauran biyun yanzu a huta. Yaya Lou ya ce tsohuwar giya in ta sha iska kwana tara, ko mai kyau ce, ta tafi.

Muna cikin haka Danfeng ta shigo da kwalin katunan gayyata. Ta dubi tulunan, ta dubi fuskata. Na faɗa mata kamar yadda na faɗa wa su Yaya Lou.

"Cikin biyun nan dai akwai na Kaka?"

"Aƙalla ɗaya."

"A kai su duka, Baba. Kai za ka fasa, kai za ka fara kurɓa. In ka yamutsa fuska, a fasa ɗayan."

"A gaban Mista Yu?"

"Shi ma ai yana da fuskar yamutsawa."

Ta shige ciki. Muka wanke tulunan biyu, matata ta ɗaura musu jan ƙyalle, muka ajiye su a inuwa ƙarƙashin matakala. Kullum da safe nakan ƙwanƙwasa su yadda Yaya Lou ya yi, sautinsu iri ɗaya ne a kunnena. Yau saura kwana huɗu, kuma har yanzu ban san ko tulun da na rufe da hannuna yana cikinsu ba.