Jan Goro Biyu

Hamadu mai goro mutum ne da yake so magana ta zo masa da lamba. In ka ce masa hadari ya haɗu, kallon banza zai yi maka. In ka ce rediyo ta ce kashi saba'in cikin ɗari za a yi ruwa, da kansa zai tashi ya kwashe shanya. Shi ya sa ranar da Madam Denise, nas ɗin da ke duba 'yarsu Huda a asibiti, ta ce musu "une chance sur quatre", wato ɗaya cikin huɗu, Hamadu ya cafe maganar ya zo da ita gida yana ta juya ta.

Huda shekararta uku, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Uwarta Sadiƙa ta sha wuyar ciwon nan: yatsu su kumbura, yarinya ta yi ta ihu in an taɓa ƙafarta, a bi dangi gida-gida a garinsu Garoua na Kamaru ana neman wanda zai ba da jini. Bayan ƙarin jini na biyu ne ta je aka sa mata ashanar tsarin iyali a damtse, da yardar mijinta. Yanzu kuma mijin yana so a cire.

"Lissafi ne fa, Maman Huda, ba son raina ba," in ji shi, yana ƙirgawa da yatsu. "Madam ta ce ɗaya cikin huɗu. To ɗayan ya riga ya zo, ga ta nan tana wasa. Saura uku, lafiyayyu garau, mu ne kawai muke ɓata musu lokaci."

Sadiƙa ta so maganar nan ta zama gaskiya, ta so ƙwarai. Tana son ta sake goyo, tana son Huda ta samu ƙani. Ta ce to, ran Litinin za ta je a cire.

Sai dai Sadiƙa tana da wani hali da ya sha jawo mata faɗa tun tana yarinya: bin diddigi. Ita ce za ta tsaya tambayar mai gyaran keken ɗinki abin da ya lalace, har ya gaji ya ce ta zo ta gyara da kanta. Maganar Hamadu ta zauna mata daidai a kunne, amma wani wuri guda ya ƙi zama. Wa ke riƙe da lissafin? Cikinta ne zai tuna cewa an riga an yi ɗaya, ya ce to yanzu layin lafiyayyu ne? Ta tuna yadda Madam Denise ta yi musu bayani: ita da Hamadu kowa yana ɗauke da iri biyu a jininsa, ɗaya lafiyayye, ɗaya na ciwon. Kowa zai ba ɗa guda ɗaya, ba tare da ya zaɓa ba. Sai na ciwon biyu sun haɗu ɗa yake fitowa da sikila.

Da Hamadu ya tafi kasuwa ran Asabar, ta kwance huhun goronsa ta zaɓi ja biyu da fari biyu, masu girma ɗaya, yadda hannu ba zai bambanta su ba. Ta sa ja ɗaya da fari ɗaya a tsohuwar hularsa, ta ce wannan shi ne Baban Huda. Ta sa sauran biyun a kwanon sha ta lulluɓe da ɗankwali, ta ce wannan ita ce. Ta zauna a inuwar dalbejiya ta rufe ido, hannu ɗaya a hula, hannu ɗaya a kwano.

A haka maƙwabciyarta Fa'iza ta shigo aron taɓarya ta same ta, ta gaishe ta da Fulatanci.

"Jam na, Yaya? Innalillahi, duba kika koma?"

"Jam. Wane irin duba? Zauna ki ga. Ja ciwo ne, fari lafiya. In na ciro ja biyu, ki sa gyaɗa ɗaya a murfin nan. In wani abu ne daban, ki sa a faifai."

Fa'iza ta zauna, don ita ma ba ta da wani aikin da ya fi kallo. Aka ciro fari da ja. Aka mayar, aka girgiza, aka ciro fari biyu. Ja da fari. Fari da ja. Aka yi ta yi, murfi babu ko ƙwaya, har Fa'iza ta ce ai wannan ciwon ma tsoron gidan nan yake yi. Ba ta rufe baki ba ja biyu suka fito.

"To, ɗaya ya zo," in ji Sadiƙa. "In maganar Baban Huda ce, yanzu uku masu zuwa babu komai."

Ta mayar, ta girgiza, ta ciro. Ja biyu ne kuma.

Ta tsura musu ido kamar ba goro ta gani ba. Sai son sani ya ƙara kama ta. To ko Madam Denise ce ta yi kuskure? Suka ci gaba. Rana ta karkata, suka ja tabarma suka bi inuwa. Huda ta farka daga barci aka ba ta kunu ta koma wasanta. Sau biyu Sadiƙa tana buge hannun Fa'iza, don ta fara cinye lissafin daga faifai. Bayan la'asar suka tsaya. Sadiƙa ta juye gyaɗar murfi tuli ɗaya, ta raba ta faifai tuli-tuli daidai da shi. Tuli uku suka fito, da 'yan ƙwayoyi a gefe.

"Ikon Allah," in ji Fa'iza. "Ashe ɗaya cikin huɗun ne."

"In an yi da yawa. Amma ni ba 'ya'ya ɗari zan haifa ba."

Abin ya ba ta mamaki, har ta yi dariya ita kaɗai. A babban tuli lissafi yana fita daidai, amma in ka ɗauki huɗu kawai sai abin da ka gani: wani zubin babu ko ɗaya, wani zubin biyu, sau ɗaya ma uku suka zo a jere. Sai ta canja gwajin don ta yi wa mijinta adalci. Ta ce duk lokacin da ja biyu suka fito, za ta ciro sau uku a bayansu, ta ga sau nawa ukun za su zo lafiya duka. Suka yi har hannunta ya gaji. Tulin da ukun suka zo lafiya bai kai rabi ba. Fa'iza ta ɗauki taɓaryar ta fita, ba ta ko yi tsokanar da ta saba ba.

Hamadu ya dawo kafin magariba ya tarar da hularsa a tabarma da goro a ciki.

"Wa ya kwance mini huhu?"

"Ni ce, Maigida. Zauna, lissafinka nake so ka nuna mini."

Ta yi masa bayani. Ya saurara yana murmushi irin na wanda ya san amsa tun kafin a gama tambaya.

"Goro ai ba jini ba ne, Maman Huda. Kuma Allah ne mai bayarwa."

"Shi ne mai bayarwa. Amma da ka ce a cire, ba da wannan ka zo mini ba. Da lissafi ka zo."

Ta ciro jan goron biyu ta ajiye a gabansa ta ce wannan Huda ce. Sannan ta ɗauka ta mayar da ɗaya hula, ɗaya kwano.

"A'a, tsaya," in ji shi. "Me ya sa za ki mayar? Ai an riga an ciro su."

"Da aka haifi Huda, jininka ya canja ne? Ko nawa?"

Hamadu ya dubi hular, ya dubi kwanon. Ta girgiza su ta tura gabansa, ta ce ya ciro na biyu da hannunsa, tunda ya ce lafiyayye ne. Ya gyara zama ya tura hannuwa biyu, ya fito da su a dunƙule. Ya buɗe na dama, na hula. Ja ne.

"Yanzu ya koma ɗaya cikin biyu," in ji Sadiƙa. Ba don ta ƙona masa rai ta faɗa ba, abin ne ya zo mata a lokacin, kuma bakinta ba ya iya riƙe irin wannan.

Hannun hagu ya ƙi buɗuwa. Mutumin da ke fasa goro ɗari a yini ba ya ko dubawa, ga shi yana gumi a kan ƙwaya ɗaya. Huda ta ga Baba ya ɓoye abu, ta taho da gudu ta hau cinyarsa, ta kama yatsunsa da ƙananan yatsunta tana ɓamɓarewa.

"Baba, buɗe mana! Mene ne a ciki?"

"Haka za mu zauna wata tara," in ji Sadiƙa a hankali. "Kuma wancan in an buɗe, ba a mayarwa."

Hamadu ya daɗe yana kallon yatsun 'yarsa a kan nasa. Daga nan ya zare hannun a hankali, ya tura shi ƙarƙashin ɗankwalin, ya saki goron bai duba ba.

"A bar ashanar nan tukuna," in ji shi. Ya saɓa Huda a kafaɗa ya nufi wajen buta.

Sadiƙa ta tsaya tattara gyaɗa daga tabarma. Yini guda ta yi tana girgiza hula da fatan mijinta ne mai gaskiya, kuma yanzu da ya yarda da tata maganar, baƙin ciki ne ya cika mata ciki. Cikin ukun nan da ya ce suna jiran su, ta riga ta zaɓa wa na farkon suna.