Baƙin Zane a Ɗakin Imrana

Ɗangana bai taɓa ƙaunar akwatin gilashin nan ba, tun ranar da ƙanensa Imrana ya sauko da shi daga motar Buza a naɗe cikin bargo, yana ta yi wa karen mota ihu kada ya girgiza masa. Imrana ya yi shekaru a Abijan yana aiki a wani kanti da ake sayar da kifin ado. Sauran 'yan cin rani suna dawowa gida da babur ko kwanon rufi, shi kuwa gogan naka ya dawo da gilashi, da 'yan kifaye jajaye, da ciyawar ruwa. A garin da mata ke sammako da bido, wato jarka, a kan jaki neman na sha, sai ga mutum ya tara ruwa a ɗaki don kallo kawai. Akwariyom yake ce masa. Mutane suka yi dariya har suka gaji, suka ce wanda ya daɗe a kurmi dole ya dawo da wata ɗabi'a.

Shi Ɗangana ba dariyar ce ta dame shi ba. Kakansu shi ne mai tsafin garin a zamaninsa, shi ke yanka baƙin bunsuru a bakin tafkin da ke gindin dutse kafin damina ta faɗi. Tsohon ya mutu tuntuni, ubansu ya musulunta ya yi salla har goshinsa ya yi baƙi, amma sunan ya ƙi mutuwa. Ɗangana ya tashi ana ce masa jikan azne a dandali, ya fasa bakin yara, su ma sun fasa nasa. Da ya girma sai ya kama Malam Umaru liman, ya share masallaci, ya cika butoci, rani da damina, har ranar da tsohon ladan ya rasu Malam Umaru ya miƙa masa mikro a gaban kowa. Shi ne na farko a gidansu da muryarsa ta taɓa fita ta lasifikar masallaci. Yana son ladancin nan fiye da gonarsa, kuma ya san Isiyaku, ɗan tsohon ladan, yana nan yana jiran ya yi tuntuɓe.

Tuntuɓen kuwa daga fitila ya fito. Ciyawar ruwa tana son haske, amma da ƙa'ida, kamar gishiri a miya. Ampul ɗin, wato ƙwan fitilar, da Imrana ya fara ratayawa a kan akwatin ƙarami ne, sai ganyen ya yi rawaya, ya miƙe siriri yana neman sama, gindinsa na ruɓewa. Imrana ya ji haushi, ya tafi Madawa ya sayo ƙatuwar fitila irin wadda ake haska filin biki da ita, ya jona ta da batir da fanon hasken rana, ya bar ta tana ci tun safe har yamma, ga kuma taga a buɗe. Ciyawar ta ɗan murmure. Kafin a ce haka gansakuka ta mamaye gilashi da ganye, ruwa ya koma kore kamar miyar kuka, kifin ma sai ya zo jikin gilashi ake ganinsa.

Ɗangana ya iske Imrana wata rana da hantsi yana lulluɓe akwatin da baƙin zanen Inna Kaltume, mahaifiyarsu, yana danne gefe da gefe da dutse.

"Mi na na wanga kuma?"

"Haske na yay yi yawa, Yaya. Na hwarko ya yi kaɗan, wanga ya yi yawa. Sai ya sha duhu kwana biyu gansakukar ta mutu, kana in aza mishi ampul na tsaka-tsaki, in ɗaga shi sama kaɗan, in riƙa kashewa da rana. Amma hwa kada kowa ya buɗe, ko leƙe."

"Da baƙin zane? Cikin gidan ga?"

"Shi ɗai ad da kauri."

Ɗangana ya ji kansa ya sara. Ruwan famfon gari yana da kanwa, yana kashe ciyawar, don haka Imrana a tafkin gindin dutse yake ɗebo nasa, a idon kowa. Duwatsun da ya jera a cikin akwatin ma a can ya tsinto su.

"Ruwan tabkin Tsoho, duwatsun tabkin Tsoho, yanzu kuma baƙin zane. Mi kaka so mutane su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Kihi na, Yaya, ba dodo ba."

Marin da Ɗangana ya sharara masa sai da hularsa ta faɗi. Imrana ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya mayar da ita kansa, ya ci gaba da danne zanensa. Taurin kai gadon gidan ne, kowannensu ya sami rabonsa.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta hango Imrana a durƙushe gaban baƙin zane ya kara kunne yana sauraron ɗan injin da ke hura wa kifayen iska ko yana aiki. Ita dai ta ga mutum a durƙushe, ta kuma ji wani abu yana gunji a ƙarƙashin zane. Kafin ta kai rariyar gida labari ya riga ta, ya yi ƙaho ya yi wutsiya.

Ranar Laraba da azahar, Ɗangana ya miƙa hannu zai ɗauki mikro, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Isiyaku ne.

"Bakin da ka kwana gida guda da tsahi ba shi kira muna salla," in ji shi da ƙarfi, don na waje su ji. "Ku jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe. Abin kakansu na sunka tada."

Ɗangana bai san lokacin da ya kai masa naushi ba. Ya ji dai haƙori ya shige masa bayan yatsu. Isiyaku ya tafi da baya ya faɗa kan butoci, ya taso da jini a gemu, ya rarumi kujerar alwala ya maka wa Ɗangana a kafaɗa. Suka sarƙe, suka birkice a ƙofar masallaci, wannan ya shaƙe wancan, wancan ya kai gwiwa ciki, riguna suka yage. Da ƙyar aka ɓamɓare su, kowanne mutum uku na riƙe da shi yana fizga kamar sa a mahauta.

Malam Umaru ya fito ransa a ɓace.

"A ƙohwar ɗakin Allah? Ku ji tsoron Allah!" Ya juya ya dubi Ɗangana, kuma duban nan ya fi kujerar zafi, don babu yarda a cikinsa. "Gani ya kori ji. Mu tai gidanku mu gani. In tsahi na, ka aje mikro."

Ba liman kaɗai ya tafi ba. Duk wanda ya zo salla ya bi, wasu suka biya gida suka ɗauko sanda, wani ma da gatari. Ɗangana yana gaba, kafaɗarsa na zugi, zuciyarsa na tafasa. Ya san sarai abin da ke ƙarƙashin zanen. Shi da kansa ya riƙe wa Imrana waya ranar da aka rataya babbar fitilar. Amma a hanyar nan ba ya tunanin gaskiya, tunaninsa ɗaya ne, yadda zai koma ya ɗauki mikro.

Imrana ya ji hayaniya ya fito ya tare ƙofar ɗakinsa da hannu biyu.

"Gidan ubana kunka zaka da sanduna? Ba mai shiga."

Wani ya sauke masa sanda a goshi. Fata ta tsage, jini ya rufe masa ido guda, aka ture shi ciki, mutane suka danna har ƙyauren ya ɓalle. Inna Kaltume ta jefar da taɓaryar da take daka da ita, ta taho tana salati, aka bangaje ta ta zauna daɓas a ƙasa. Isiyaku ne ya kai hannu ya fizge baƙin zanen.

Kowa ya zuba wa akwatin ido. Duhun ya yi aikinsa. Ruwan ya washe garau, gansakuka ta mutu ta zube, ciyawar ta tsaya kore shar tana kaɗawa a hankali, 'yan kifayen suka watse da ganin haske sannan suka dawo suka taru. Wani tsoho a baya ya ce, "Tubarkalla," a hankali, sai kuma ya kama bakinsa.

"Kun gani?" in ji Imrana, yana share jini da hannun riga. "Ciyawa ta da kihi. Haske na yay yi yawa niy ruhe."

Da Isiyaku ya yi shiru a nan, da an watse da kunya. Amma wanda ya rasa haƙori ba ya komawa gida hannu banza.

"Ku tambaye shi ina yaɗ ɗebo ruwan ga. Ku tambaye shi duwatsun ga na ina na. Wurin da kakansu ka yanka na! Shi ya kai tsahi ɗaki, wansa na kira muna salla."

Aka fara gunaguni. Ɗangana ya dubi Malam Umaru yana jiran ya ce wani abu, malam ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. A nan Ɗangana ya gane ba abin da zai faɗa ya wanke shi. Tsoro ya kama shi, tsoron komawa jikan azne bayan duk shekarun nan, tsoron kuma ya juye ya zama fushi. Ya fita tsakar gida ya ɗauko taɓaryar Inna. Mutane suka dare masa.

"Yaya," in ji Imrana. "Yaya, kai ka san mi na na."

Dukan farko ya sauka a kusurwar akwatin. Gilashi ya yi ƙara, tsaga ta tafi tun daga sama har ƙasa, ruwa ya fara tsartuwa. Imrana ya yi tsalle ya rungume akwatin, ya manna tafin hannunsa na dama a kan tsagar yana danne ta, ruwa na fita ta tsakanin yatsunsa.

"Ɗauke hannunka."

"Bari in kwashe kihin, Yaya, don Allah. Kwano guda ɗai."

"Na ce ka ɗauke hannunka!"

Bai ɗauke ba. Ɗangana ya ga hannun sarai, ya ga idanun mutane a kansa, ya ɗaga taɓaryar da duk ƙarfinsa ya sauke.

Hannun da gilashin suka tafi tare. Ruwa ya ɓarke ya kwashe ƙafafun na gaba, yashi da duwatsu da ciyawa suka watsu a daɓe. Imrana ya zube a kan gwiwa, hannunsa a cikin bakin gilashin da ya rage, da ya jawo shi sai ga naman ya buɗe tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu, yatsu biyu suna reto. Jinin ba zuba yake ba, tsalle yake yi, ya fesa wa Isiyaku a riga. Imrana bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi mai ban tsoro. Kifayen na ta tsalle a cikin jan ruwa, mutane na tattake su wajen rige-rigen fita. Masu sandunan nan, jarumawan gari, har da masu tsallake katanga.

Malam Umaru ne ya warware rawaninsa ya ɗaure dantsen tamau. Aka kawo babur, aka aza Imrana a tsakiya kansa na lilo, wani ya riƙe shi ta baya, suka kama hanyar likita, asibitin da ke Buza. Mai babur ɗin da ya ga hannun sai ya kau da kai, ya ce Allah dai ya sa a tsira da rai.

Ɗangana yana tsaye a ɗakin, taɓarya a hannu, ƙafarsa cikin ruwa. Inna Kaltume ta shigo da rarrafe. Ba ta dube shi ba, ta shiga tsintar kifayen da aka tattake tana zubawa a bakin zanenta, ɗaya bayan ɗaya. Shi ɗan fari ne, tun da ta haife shi kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba. Ranar ta kama.

"Ɗangana," ta ce, "aje mini taɓaryata ka hita."

Ya ajiye ya fita. A ƙofar gida ya iske Malam Umaru ba rawani, hannunsa duk jini, sauran jama'a sun dawo sun yi cirko-cirko a bayansa.

"Lokaci na wucewa, ladan," in ji malam, ba tare da ya haɗa ido da shi ba. "Ba a yi azahar ba."

Ɗangana ya tafi ya wanke hannu, ya ɗauki mikro, ba wanda ya riƙe shi. Ya so muryar ta shaƙe, ya so ta ƙi fita, amma ta fita tsaf, har ta fi ta kullum daɗi. Sahu ya cika, Isiyaku ma ya zo da kumburarren baki ya tsaya a na biyu. Da aka sallame sai dattawa suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, suna cewa yau ya nuna shi ɗan halas ne, yau ya wanke gidansu. Ɗangana ya tsaya yana karɓar gaisuwa, yana amsa amin, idonsa na kan hanyar Buza.