Kujera Biyu Don Kehinde

Tun da Morenike ta buɗe shagon hotonta da safe ba ta zauna ba. Batirin kyamara ɗaya ya mutu, ɗayan yana caji, wuta kuma sai ta zo ta koma kamar mai wasa da mutane. Hotunan wani biki suna jiran gyara a kwamfuta, amarya sai kira take yi a rage mata kumatu. Tana cikin goge gilashin kyamara sai Baba Lasisi, telan da shagonsa ke manne da nata, ya leƙo da igiyar awo a wuya.

"Mai hoto, ajiye goge-gogen nan, kin yi baƙi. Kuma ki iya bakinki yau."

"Baba, tsakanin ni da kai wa ya kamata a yi wa wannan gargaɗin?"

Bai rama ba. Abin da ya sa ta ɗago kai ke nan.

Mata biyu ne da yarinya. Tsohuwar ita ce Mama Abeke mai sayar da manja a kasuwar Ila. Ɗayar matar ɗanta ce, wadda tun da ta haifi tagwaye aka daina kiran sunanta, sai dai Iya Ibeji, wato uwar tagwaye. Tana goye da yarinya 'yar shekara biyar wadda ta wuce goyo, ƙafafunta suna reto har kusan gwiwar uwar. Morenike ta durƙusa ta gaishe da tsohuwa, ta jawo musu benci.

"Wannan Kehinde ce," in ji Mama Abeke. "Taiwo ya tafi Legas sayo yadi."

Morenike ta sunkuyar da kai. A garin nan ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu, balle a gaban abokin haihuwarsa. Tafiya ya yi. Kuma kowa ya san abin da ake tsoro: wanda ya tafi yakan kira wanda ya rage.

"Tun da ya tafi ta rufe bakinta," in ji Iya Ibeji, muryarta a dishe. "Sai ruwa, sai ɗan shayi. Mun je asibiti, sun ce ba ciwo a jikinta. Nas ta ce in ba ta ci abinci ba zuwa gobe mu mayar da ita a sa mata ƙarin ruwa."

"A zamaninmu sassaƙa masa mutum-mutumi ake yi da itace," in ji tsohuwa. "Ɗana ya ce shi mai salla ne, ba za a shigar masa da sassaƙe gida ba. Hoto ya yarda da shi. Mahaifinki ya taɓa yi wa ƙanwata. Su biyu a zaune, a kai ɗaki, a dafa musu wake da manja, ta ga ba a raba su ba. Yau muke so, 'yata."

Morenike ta san mahaifinta, marigayi Alabi, ya yi irin wannan aikin lokacin da ake ɗaukar hoto da fim, amma ita ba ta taɓa yi ba. Ta dubi yarinyar, wadda ta kwantar da kai a bayan uwa, ido a buɗe ba ya kallon komai.

"Iya Ibeji, kina da hotonsa a waya?"

Akwai guda ɗaya, tun yana ɗan shekara uku, an ɗauka da yamma, duk ya yi hazo. Morenike ta ce ya isa. Ta zaunar da Kehinde ta ɗauke ta hoto da sauri, ta ce su ba ta zuwa azahar. Suka ce za su jira a nan.

Ta tura tambaya zauren masu hoto da take ciki a waya. Wani daga Ibadan ya turo mata shafin da ke wanke tsohon hoto ya fito tas, wata daga Akure ta turo bidiyon yadda ake yanke mutum daga hoto ba tare da an ci gashinsa ba. Intanet yana tafiya yana tsayawa. Morenike ta tashi, ta leƙa waje, ta dawo, ta sake tashi. Daga ƙarshe shafin ya dawo mata da fuskar Taiwo sumul, ido yana ƙyalli. Ta yanko shi, ta ajiye shi kusa da Kehinde, ta daidaita hasken, ta sa masa inuwa a ƙarƙashin ƙafa don kada ya zama kamar yana yawo a iska. Wuta na zuwa ta buga shi kafin ta sake ɗaukewa.

Iya Ibeji na gani ta toshe baki da gefen zane. Mama Abeke ta karɓa, ta nesanta shi da ido, ta daɗe tana kallo.

"Kin yi aiki, 'yata. Allah ya yi albarka. Amma ba zai shiga gidanmu ba."

"Mama, shi ne fa. Fuskarsa ce ta gaskiya."

"Na gan shi. Ɗan shekara uku ne, ita kuwa biyar. Yaushe tagwaye suka fara girmar juna?" Ta rage murya. "Duk wanda ya kalli wannan zai san ɗaya ya tsaya, ɗaya ya wuce. Abin da ba ma faɗa da baki, shi hoton yake faɗa."

Kehinde ta ɗan waiwayo, ta dubi takardar, ta mayar da fuska bango.

Tsohuwa ta kwance ƙullin da ta zo da shi: 'yar riga, wando, da hula ta saƙi. "Mahaifinki yaro ɗaya yake ɗauka sau biyu. Sau ɗaya da kayanta, sau ɗaya da nasa."

Morenike ta dubi agogo, ta dubi fitilunta biyu masu lema da suka zama kayan ado tunda ba wuta. Sai hasken ƙofa. Kuma daga gabas hadari ya fara haɗuwa. Irin wannan aikin ba ya son canjin haske: in aka ɗauki na farko cikin rana, na biyu cikin duhun hadari, ko makaho ya shafa zai ji inda aka haɗa.

"Baba Lasisi! Ara mini farin yadi, yadi biyu!"

"Aro? Na wani ne fa, ɗinkin suna."

"Ba sawa zan yi ba, riƙewa za ka yi."

"Har da ni a cikin aron?"

Ya zo yana gunaguni, ya tsaya inda ta nuna masa, ya buɗe yadin don ya mayar da hasken ƙofa kan fuskar yarinya. Morenike ta jera ƙananan kujeru biyu gaban labule, ta zagaye ƙafafunsu da alli a ƙasa. Ta kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, ta ɗaure ta tamau, ta saita nisa da haske da hannu don kada kyamara ta canja ra'ayi tsakanin hoto da hoto. Ta ɗauki ɗan madannin da ake latsawa daga nesa.

"Daga yanzu kowa ya taɓa kyamarar nan ko kujerun nan, mun koma farko."

Na farkon bai yi wuya ba. Aka ɗora Kehinde a kujerar hagu da rigarta, ta zauna yadda aka ajiye ta, hannu a cinya. Morenike ta latsa sau uku.

Da uwar ta ɗauko rigar Taiwo za ta sa mata, sai yarinya ta sandare. Ta ƙanƙame hannayenta a ƙirji, ta saki wata ƙara siririya da ba hawaye a cikinta. Iya Ibeji ta yar da rigar ta fita waje da gudu. Tsohuwa ta lallaɓa, ta yi waƙa, ta yi alkawarin alewa. Da ƙyar riga da wando suka shiga, amma hula da kujera, ko kusa. Kehinde ta maƙale a kusurwa bayan injin buga hoto.

Iska ta fara kaɗa labule. Hasken ƙofa ya ragu. Morenike ta je ƙofa ta dubi sama, ta dawo ta duba batir, saura kaɗan, ta sake komawa ƙofa. Wayarta ta yi ƙara, amarya ce, ta kifa ta a kan tebur.

"Hannuna ya gaji," in ji Baba Lasisi. "Tun da aka haife ni ban taɓa zama igiyar shanya ba sai yau."

"To rataye shi a ƙusar can, ka zo ka zauna mini a kujerar dama in gwada haske. A hankali, kada ka motsa ta."

"Wannan 'yar kujerar? In ta karye ba ni biya."

Ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ga hular a ƙasa, ya ɗauka ya ɗora a tsakiyar sanƙonsa, ya miƙe wuya, ya haɗa hannaye a cinya kamar ɗan makaranta ranar hoton aji. Mama Abeke ta buɗe baki za ta tsawata masa.

"Ba haka yake zama ba."

Muryar daga bayan injin ta fito, ƙarama, a shaƙe. Ba wanda ya motsa. Morenike ta zame a hankali ta zauna a ƙasa, ta ɓoye madannin a tafin hannu.

"To yaya yake zama, uwata?" in ji Baba Lasisi. "Ni tsoho ne, ban iya ba."

"Kuma ba nan ne wurinsa ba. Can ne." Ta nuna kujerar hagu, inda aka ɗauke ta ɗazu.

Morenike ta dubi ƙofa. Hoton farko ya tashi a banza ke nan, ga hadari ya kusa rufe gari.

Kehinde ta fito. Ta fizge hular daga kan tela, ta sa, ta karya ta gefe ɗaya. Ta hau kujerar hagu, ta naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta, ta tura harshe cikin kumatu har ya yi tudu. Sannan ta miƙa hannu wajen kujerar da Baba Lasisi ya tashi daga kai, yatsu biyu a haɗe, irin na mai shirin mintsini.

Morenike ta latsa. Ta sake latsawa. Hannun ya tsallaka tsakiya, inda za ta haɗa hotunan biyu, zai ba ta wahala. Ba ta ce a janye shi ba.

"Yauwa. To ke kuma in ya yi miki haka, yaya kike yi?" in ji Morenike.

Tsohuwa ta canja mata kaya da sauri. Kehinde ta hau kujerar dama, ta karkace jiki, ta ɗaure fuska, ta harari kujerar da ba kowa. Morenike ta latsa sau biyu, a na ukun batir ya mutu. Ruwa ya sauko a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ta ɗora hoto kan hoto a kwamfuta, ƙafafun kujeru suka hau kan juna daidai saboda allin. Ta goge rabin na sama a hankali, ta bi gefen ɗan hannun nan yatsa bayan yatsa har ya sauka a gwiwar Kehinde. Na biyun ya fi duhu kaɗan, ta ɗaga haskensa. Baba Lasisi ya jawo waya daga janaretansa cikin ruwa yana faɗin cewa man fetur ba daga rijiya yake ɗebo shi ba. Iya Ibeji ta dawo a jiƙe, ta tsaya a bakin ƙofa.

Injin ya turo takarda. Morenike ta sa ta cikin firam mai gilashi, ta jingina a kan benci. Yaro da yarinya, tsawo ɗaya, fuska ɗaya, ɗaya yana tsokana, ɗaya tana harara.

Kehinde ta matso ta duba.

"Ni ce duka biyun."

Iya Ibeji ta runtse ido.

"To da wa kike so ya yi kama, da Baba Lasisi?" in ji tsohuwa.

"Allah ya kiyaye," in ji tela.

Yarinya ta sa yatsa a kan gilashin, wajen hular. "Amma zaman nasa ne."

Mama Abeke ba ta jira a kai gida ba. Ta buɗe ƙaramar kula daga cikin kayanta, wake da manja da soyayyar ayaba a sama, ta ajiye gaban hoton da cokali ɗaya. "Na Taiwo ne. Kowa ya bar masa abinsa."

Kehinde ta dubi kwanon, ta dubi hoton. "Kullum shi yake cinye ayabar."

"Ai nasa ne."

"Ba nasa ba ne shi kaɗai."

Ta sa hannu ta ɗauki yanka ɗaya, ta kai baki da sauri tana kallon yaron cikin gilashi. Ta ɗauki na biyu. Sannan ta ɗebi wake a cokali, ta dangwala a gilashin daidai bakinsa, manja ya gangaro, ta mayar da cokalin bakinta. Ba ta ci da yawa ba, ta ture kwanon ta ce ruwa. Uwar ta zube a ƙasa kusa da ita tana ba ta ruwan, rabi yana zuba.

"Gobe duk da haka ki kai ta wajen nas ta duba ta," in ji Morenike a hankali.

"Zan kai ta, Anti. Wallahi zan kai ta."

Da ruwa ya tsagaita suka tashi. Kehinde ta ƙi goyo, ta ce ita za ta riƙe hoton. A bakin ƙofa Mama Abeke ta juyo.

"Baɗi war haka za mu dawo. Zai ƙara tsawo."

Morenike ta ɗauko tsintsiya ta share shagon. Da ta zo wajen zanen allin sai ta kewaye shi. Wayarta ta sake ƙara a kan tebur.