Datar Yini Guda

A jirgin shaƙatawar da Casilda Guity take aiki, baƙo ba ya biyan kuɗin abinci, ba ya biyan na kiɗa, har tawul ɗin da ake naɗe masa kamar giwa a ajiye kan gado kyauta ne. Intanet ne kawai ba a wasa da shi. Wanda ya yanka kuɗinsa ya san mutum a tsakiyar teku ba shi da wata kasuwar da zai je ya taya, don haka ya yanka yadda ransa ya so, ya raba shi hawa uku. Na ƙasa rubutu kaɗai yake wucewa da shi. Na tsakiya yana buɗe hoto da saƙon murya. Na sama kuwa na masu kallon fim ne a bakin wurin iyo, da masu son ganin fuskar wanda suke magana da shi. An ce an yi wa ma'aikata rangwame, amma irin rangwamen nan ne da in aka faɗa maka sai ka ce a maimaita.

Casilda na ƙasa take saye, kamar yawancin masu gyaran ɗakuna. 'Yar Sambo Creek ce, a gaɓar Honduras, kuma ta daɗe a kan ruwa har ta san dabarar da kowa ya sani: ka tara maganarka sai jirgi ya tsaya a gari. Ranar tsayawa sai ka ga ma'aikata sun jeru a gindin bangon wani shago, kowa ya sayi lemo kwalba ɗaya don a ba shi lambar shiga intanet, wannan yana dariya shi kaɗai, waccan tana yi wa ɗanta faɗa a kan makaranta, wani ya juya baya yana share ido.

Matsalar ita ce mahaifiyarta, Mama Tiburcia, ba ta rubutu. Burodin kwakwa ta iya, shi ta yi ta gasawa tana sayarwa a bakin teku har ta raini 'ya'yanta. Tun da aka saya mata waya aka nuna mata inda ake dannawa a yi magana, ba safiyar da ba ta aiko wa autarta saƙon murya. Saƙon yana isowa, Casilda ta ga sunan Mama, ta ga tsawonsa, amma in ta danna sai wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa har ta gaji ta mayar da wayar aljihu. Haka suke taruwa, ranar tsayawa ta saurare su a jere.

A wannan makon sai ga rubutu daga yayanta Rigo, masunci, wanda yake zaune da Mama a gida. Ya ce ƙirjin nan ne ya ɗan tashi, an kai ta asibiti a birnin La Ceiba an dawo, da sauƙi.

To, a wajenmu mutanen Sambo Creek ba a aika wa na kan ruwa mugun labari. Tun zamanin da iyaye maza suke bin jiragen ayaba haka ake yi. Cewa ake ba abin da zai iya, sai dai hankalinsa ya tashi ya ajiye aiki a tsakiyar kwantiragi, a ƙi sake kiransa, gida ya rasa mai riƙe shi. Saboda haka ko gida ya kama da wuta, "da sauƙi" za a rubuta masa. Casilda ta san wannan sarai. Da hannunta ta taɓa rubuta wa kawunta "da sauƙi" alhali ana wanke gawar matarsa. Ta karanta rubutun Rigo, ta sake karantawa, sannan ta zaɓi ta yarda da shi, don washegari za su tsaya a tsibirin Cayman.

A ɗakin cin abincin ma'aikata abokiyar ɗakinta Verlene, wata 'yar Jamaica mai baki kamar reza, ta leƙa wayar ta ga saƙonnin da ba a buɗe ba.

"Ke dai Casilda maƙo ne zai kashe ki," in ji ta. "Tsohuwa ba lafiya, tana ta magana, kin bar ta a kulle cikin waya. Sayi na yini guda mana ki ji abin da take cewa."

"In saya yau abin da za a ba ni kyauta gobe? Kin san kuɗin yini gudan nan maganinta ne na mako?"

"Na sani. Ni ma ba 'yar mai jirgi ba ce. Amma uwa ɗaya gare ki."

"Ba ki san Mama ba ne," Casilda ta ce tana tura shinkafa da cokali. "Labarin kaji ne, da wadda ta auri wa, da kwakwa ta yi tsada. In da wani abu ne ai da Yaya ya..." Ta katse a nan, don ita ma ta ji inda maganar ta nufa.

Verlene ta dube ta, ta taɓe baki. "Da Yaya ya me? Ku mutanen Honduras da ɓoye-ɓoyenku. Ga katina, in kina so ki saya da shi, kya biya ni ƙarshen wata."

"Ajiye abinki, ƙawata. Gobe ai kamar yau ce."

Ba rashin so ba ne, kar wani ya ce haka. Casilda tana son mahaifiyarta fiye da yadda take son kanta, kuma duk dalar da ta hana kanta gida take tafiya, ta zama kwanon rufi, ta zama ƙwayar hawan jini. Sai dai wanda ya daɗe yana matse hannu, hannun yakan saba, har ranar da ya kamata ya buɗe ya ƙi buɗewa.

Gari ya waye suna gaban Cayman, tsibirin yana nan ƙuru-ƙuru, har ana hango motoci suna wucewa a kan titi. Amma a can babban jirgi ba ya matsawa bakin gaɓa, ƙananan jirage ne suke jigilar mutane, kuma iska ta tashi tun asuba, teku tana ta tumbatsa. Aka jira, aka jira. Can sai muryar kyaftin ta fito ta lasifika, ya ba da haƙuri, ya ce ba za a sauka ba, za a juya a kama hanyar Miami, an shirya wa baƙi ƙarin wasanni a bene na sama.

Casilda tana tsaye da zanin gado a hannu ta ji sanarwar. Baƙi suka fito farfajiya suna ta mita, waɗanda suka biya kuɗin yawon ganin kunkuru suna tambayar wa zai mayar musu. Ita kuwa aiki ne ya ƙaru mata, don duk wanda ya kamata ya fita ya ba ta wuri ya dawo ɗaki ya baje.

A wani ɗaki wata tsohuwar Ba'amurkiya mai kirki, wadda kullum take ajiye mata alewa a kan tebur, ta kira ta.

"Zo ki gani, 'yata, zo ki gaisa da Biscuit."

Kare ne, a wani gidan ajiyar karnuka can ƙasarsu, ana nuno shi kai tsaye a wayar matar yana kaɗa wutsiya. Tsohuwar tana yi masa magana, idonta har da ƙwalla. Casilda ta yi murmushin aiki, ta ce kyakkyawa ne. Ba ta ji haushin matar ba, ita ma kewa ce take damunta. Amma da ta fito ta ciro wayarta, sai ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tun da safe. Rana ta yi tsaka, kuma yau Mama ba ta aiko da komai ba.

Nan tsoro ya kama ta na gaske. Ta tura keken kayan aikinta gefe, ta shiga ɗan ɗakin da ake ajiye zannuwa, ta ja ƙofa. Ba ta tsaya kan na tsakiya ba, na sama ta danna, na yini guda, ba ta ko dubi kuɗin ba. Da'irar nan da ta saba juyawa ta tsaya, saƙonnin suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Na farko labarin kaji ne, kamar yadda ta ce. Wata kaza ta ƙi kwanciya a kan ƙwai, maƙwabciya ta ari turmi ba ta dawo da shi ba. Sai dai Mama tana tsayawa tsakanin magana tana jan numfashi.

Na biyu a cikin mota aka yi shi, ana jin ƙarar inji. "Auta, daga asibiti muke. Sun ce kar a gaya miki. Ni kuwa ban ga abin ɓoyewa ba, ni na haife ki. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Na ce masa ai ta yi ƙoƙari."

Na uku muryar ta yi ƙasa sosai. "Auta, ki kira ni irin kiran nan da ake ganin fuska. Sau ɗaya ya isa. So nake in ga ko kin rame, don na san ba kya cin abincinsu."

Na ƙarshe gajere ne, na jiya da safe. Casilda ta jingina da tarin zannuwa kafin ta danna.

"Auta, maganar nan da na yi, bar ta. Rigo ya ce kiran tsada gare shi. Kar ki taɓa kuɗinki, kin ji? In kun tsaya a gari kya kira. Ina nan."

Ta kira lambar Mama, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Rigo. Hoton ya ɗan yi hazo sannan ya washe, ga yayanta sanye da farar riga ya ɓalle maɓalli har wuya, shi da ko coci da rigar ƙwallo yake zuwa. A bayansa maza suna kafa rumfa a ƙofar gida, ana sauke kujerun roba daga mota, mata sun zagaye babban baho suna kankare kwakwa. Duk wanda ya tashi a Sambo Creek ya san abin da ake kafa wa rumfa a tsakiyar mako: zaman makoki.

"Silda," ya ce, kamar yadda ake kiranta a gida. Ya waiga kamar zai ɓoye abin da ke bayansa, ya ga ba amfani.

"Yaushe?"

"Jiya da la'asar. Ba ta sha wahala ba."

Jiya da la'asar Casilda tana gyaran ɗakuna tana cewa a ranta gobe kyauta ne. Ta dafa bango.

"Yaya, kalma ɗaya. Rubutu yana shigo mini, ka sani. Kalma ɗaya za ka rubuta in kira ta."

"Mun ce sai kin sauka Miami. Da na rubuta me za ki yi, ƙanwata? Iyo za ki yi ki zo?"

"Fuskata ta ce tana so ta gani. Kai ka ce mata da tsada."

Rigo ya sunkuyar da kai. Ashe bai san Mama ta aika da wannan saƙon ba, tambayarsa kawai ta yi nawa ne kiran, shi kuma ya faɗa mata gaskiya, yadda Casilda ta sha faɗa musu. Ya share fuska da tafin hannu. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, kowa abin da aka koya masa ya yi, kuma wannan ne ya fi ci wa Casilda rai, don ba ta da wanda za ta tsana sai kanta.

Wayar aiki da ke rataye a ƙugunta ta fara ƙara, wani ɗaki yana neman ƙanƙara. Ta cire ta, ta tura ƙarƙashin tawul.

"Gobe da safe za a kai ta," in ji Rigo. "An yi mata komai yadda ya kamata, kar ki damu. Kashe haka nan, Silda, kuɗinki yana tafiya."

"Bar shi a kunne. Na yini guda na biya." Ta goge idonta da gefen riga. "Kai ni inda take."

"Silda..."

"Yaya, don Allah kai ni."

Ya juya ya nufi cikin gida. Hoton ya yi ta rawa, ta ga yashi, ta ga ƙafafun mutane, ta ga dokin ƙofar da ta yi wa fenti da hannunta, sannan kwanon rufi da hasken kyandir. Matan da suke addu'a a falo suka yi shiru. Ta ji muryar wata goggonta tana cewa a matsa, ga Silda ta zo.

Rigo ya sunkuya, ya riƙe wayar da hannu biyu a saman akwatin gawa. An ɗaura wa Mama Tiburcia ɗankwalinta na zuwa coci, fuskarta ta yi ƙarama, idanunta a rufe.

Casilda ta gyara gashinta, ta matso kusa da fitilar ɗakin don hasken ya sauka a kanta sosai, ta kawo fuskarta dab da wayar.

"Mama, ga ni," ta ce. "Duba ki gani, ban rame ba."