Idon Malam Apollos

"Asta! Asta, ki zo, bakin Baba ya karkace!"

Muryar Mama Jerry ce ta tsallako katanga. Na saki ludayin koko a tukunya, na fita ko takalmi babu. Gidajenmu a unguwar Shagari Low Cost katanga ɗaya ce ta raba.

Mijinta, Malam Apollos, yana kan kujerar roba a gindin gwaiba, shayi ya kife masa a cinya. Hannun dama ya zube kamar tsumma. Idon da aka cire wa yana shekaranjiya kuwa tar yake, yana kallona, cike da tsoro.

Jiya-jiyan nan da idon ya tsokane ni. "Asta, ashe haka kike baƙa? Shekara da shekaru ina zaton fara ce."

"In ba ka so, Malam, a mayar maka da yanarka."

Har tari ya yi don dariya.

Muka kinkime shi zuwa Keke Napep, ni da ita da mai keken. Kansa yana kafaɗata, yawu na jiƙa mini mayafi. Yana ta kokawa da harshensa.

"Re... rediyo."

"Wane rediyo kuma, Baba?" in ji Mama Jerry. "Rediyon da ka ce batir ya mutu? Ka yi shiru, mun kusa."

A asibiti aka ɗebi jininsa, aka shige da shi. Da likitan ya fito, ko zama bai yi ba.

"Mama, katinsa ya nuna zuciyarsa ba ta bugawa daidai. Yana shan maganin hana jini daskarewa?"

"Kullum. Ni nake sa masa a hannu."

"Likitan ido ya ce ya dakata?"

"A'a. A gabana ya ce kar ya fasa ko sau ɗaya. Ya gwada jinin, ya ce daidai yake, aikin yanar ido ba ya zubar da jinin kirki."

Likitan ya dube ta. "To, babu alamar maganin a jikinsa. Gudan jini ya toshe masa jijiya a ƙwaƙwalwa."

Na tuna shekarar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta. Ɗan ƙarfe ne ya yanki Malam a ƙauri, yankan da wani zai ɗaure da hankici ya wuce. Shi kuwa, saboda maganin, jinin ya ƙi tsayawa, har ya cika masa takalmi yana kallo. Tun daga ranar ko kaza ake yankawa, ɗaki yake shigewa. Da aka sa ranar aikin ido ya taɓa ce mini, "Ƙafa ma ta yi haka, Asta. Ina ga ido?"

Na shiga wurinsa. Ya kama yatsana da hannun hagu, ya matse. Sabon idon yana yawo daga fuskata zuwa ta matarsa, kamar mai son ya haddace mu.

Washegari, kafin la'asar, ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, matan coci sun watse, muka zauna mu biyu a gindin gwaiba. Gidan ya yi shiru da yawa. Mama Jerry ta miƙe ta ɗauko rediyon, da sabon batir a leda.

"Bari in ji muryar mutane," ta ce.

Ta zare murfin bayan. Babu batir a ciki. Ƙananan ƙwayoyin maganin jinin da take sa masa a hannu kullum suka zubo mata a zani, wasu suka gangara kan siminti.

Ta durƙusa tana tsince su ɗaya-ɗaya, tana hure musu ƙasa, tana jerawa a kan kujerarsa, kusa da littafin waƙoƙin cocin da ya fara iya karantawa da sabon idonsa.