Masakwar Kwamishina

Boaz ya tura yatsa cikin laka, ya zaro shi da danshi iya farce. Kwana goma ke nan da ruwan Binuwai ya janye daga fadamar Jimeta, kuma duk mai dashen masakwa ya san halin dawar nan ta rani: in ƙasa ta bushe kafin a dasa, abincin shekara ya tafi.

Sai dai fili da iri duk na ƙungiyar manoma ne, shugabanta Alhaji Hamajoɗa kuwa ya rantse zai kori duk wanda ya taɓa su. Shi ne ya yi shekara shida a Majalisar Ikko aka ji muryarsa sau ɗaya tak, ranar da ya roƙi a rage fanka. Da soja suka watsa su, sai ya dawo ya ɗare kan manoma, mutumin da tafin hannunsa ya fi na jariri laushi.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ta fara tsagewa," in ji Boaz, hula a hannu.

"Kwamishina zai zo daga Maiduguri ya dasa na farko. So kake ya tarar an riga shi?"

"Yaushe zai zo?"

"Kai Baba! A garinku ana tambayar gwamnati yaushe?"

Sau biyu ana ɗaga ziyarar. Ranar da Kwamishina ya iso, tsagar ƙasa tana iya haɗiye ƙafar mutum. Alhaji ko a jikinsa. Ya sa aka tuttula ruwa gwangwani ashirin a wuri ɗaya, aka shimfiɗa tabarma don kada takalma su ɓaci. Kwamishina ya dasa, aka ɗauki hoto, Alhaji ya yi jawabin awa guda a kan lalacin manoman zamani. Boaz ya tsaya a baya, takaici kamar ya kashe shi.

Washegari manoma suka dasa tasu, cikin mako ta ƙone ƙurmus. Ta Kwamishina kaɗai ta yi, don kullum ana ba ta ruwa, har da shingen waya.

Alhaji ya aika aka kira Boaz.

"An ce kaf fadamar nan ba wanda ya kai ka sanin masakwa. To, na yi maka hanya. Kai ne mai gadin ta Kwamishina, kada akuya ta ja mana abin kunya."

Boaz ya dubi karan nan guda ɗaya. Baki tara ne ke jiransa a gida, a unguwar Dubeli, rumbu kuma wayam.

"Da sandata zan zo, ko ƙungiya za ta bayar?"